Homiyofati da Tai Ci: Ba Tafiyarsu Ɗaya Ba

Masu tallan abin da suke kira cikakkiyar lafiya sukan jera sunaye biyu, homiyofati da tai ci, kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai, suna cewa da su mutum ya yi bankwana da asibiti. Ya kamata 'yan'uwa matasa su tsaya su bambance kafin su zuba kuɗinsu da lafiyarsu, domin kuwa ɗaya yana da abin kamawa, ɗayan kuma ruwa ne da sukari.

Homiyofati wani likita ne Bajamushe mai suna Samuel Hahnemann ya fito da shi a shekarar 1796. Ya sha ɓawon itacen sinkona, wanda daga gare shi ake samun kwini, sai ya ji alamu irin na zazzaɓi. Daga nan ya yanke hukuncin cewa duk abin da yake jawo wa mai lafiya alamun wata cuta, shi ne zai warkar da mai wannan cutar. A yi masa adalci, a zamaninsa likitocin Turai zubar wa majinyaci jini suke yi, suna ɗura masa zaiba. Wanda aka ba shi ruwa aka ƙyale shi ya huta, ko shakka babu ya fi wanda aka yi wa wannan ta'asa samun sauƙi.

To amma a duba yadda ake haɗa maganin. Za a ɗauki ɗigo ɗaya a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza. A sake ɗaukar ɗigo ɗaya daga wannan a zuba cikin wasu 99, a girgiza. Kwalbar da aka rubuta wa 30C, sau 30 aka yi mata haka. Lissafin masana kimiyya ya nuna cewa tun daga wajen karo na 12, da wuya a ce ko ƙwayar zarra ɗaya ta ainihin abin da aka fara da shi ta rage a ciki. Wannan ruwan ne ake ɗigawa a kan ƙwayoyin sukari a sayar. Abin mamaki ma, a wurinsu gwargwadon yawan surki, gwargwadon ƙarfin magani! Mai shayin da ya zo da irin wannan hujja, ai ba zai kai azahar da teburinsa ba.

A shekarar 2015 majalisar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta bi diddigin gwaje-gwajen da aka yi, ta ce babu wata cuta da aka samu ingantacciyar hujjar cewa homiyofati yana maganinta. Hukumar lafiya ta Ingila ta ce likitocinta su daina rubuta shi a 2017, Faransa kuma ta daina biyan kuɗinsa daga inshorar lafiya a 2021. Gaskiya ne yana da kasuwa sosai a Indiya da Pakistan, amma yawan masu saye ba shi ne hujja ba. Mai mura da ya ce ya sha ya warke ba ƙarya yake ba, sai dai mura takan tafi da kanta cikin mako guda ko kwana goma.

Kada kuma a rikita shi da maganin itatuwa. Kwini yana kashe ƙwayar cutar cizon sauro ne saboda akwai shi a cikin maganin da awo sananne. Haka atimisinin, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar daga wani ganye, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Haɗarin yana nan: matashin da ya ajiye maganin zazzaɓi na asibiti, ko ya sa mahaifinsa ya daina maganin hawan jini ko na ciwon sukari saboda 'yar kwalbar ƙwayoyi farare, ya bar cuta tana ci ba mai tare ta.

Tai ci kuwa labarinsa daban. Dabarar faɗa ce ta mutanen Sin, wadda ake jingina tushenta ga ƙauyen zuriyar Chen a lardin Henan a ƙarni na 17. Ana yin ta ne a hankali, gwiwa a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe, ana mayar da nauyin jiki daga wannan ƙafa zuwa waccan tare da jan numfashi a natse. A 1956 hukumar wasanni ta Sin ta taƙaita ta zuwa motsi 24 domin masu farawa. Gwaje-gwaje da dama sun nuna tana rage wa tsofaffi yawan faɗuwa, tana kuma sassauta ciwon gwiwa. Ba sihiri a ciki: cinya ce take ƙarfi, ƙafa take koyon tsayuwa. Maganganun falsafar Tao da wasu masu koyarwa suke haɗawa da ita, ɗan'uwa yana iya barinsu inda ya gan su, domin amfanin yana cikin motsin ne.

Mai son farawa ba ya buƙatar komai sai fili mai laushin ƙasa da minti 15 zuwa 20 bayan asuba. Ya nemi wanda ya iya ya gyara masa tsayuwa, ya kula kada gwiwa ta karkata ciki ko ta wuce yatsun ƙafa, ya koyi motsi biyu ko uku ya maimaita su mako guda kafin ya ƙara. Wanda ya saba da kareti ko takwando zai ji abin ya yi masa sanyi, har sai cinyarsa ta fara rawa. Duk da haka tai ci ba za ta ishi mai jini a jika ita kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, don haka gudu da ƙwallo suna nan a matsayinsu. Wanda ya fi kowa cin moriyarta shi ne dattijon gida da ƙafarsa ta fara rauni, saboda haka in matashi ya koya, sai ya fito da mahaifinsa tsakar gida su yi tare, kusa da bango ko kujerar da zai dafa.