Hoton yaro: a matsa ko a ja da baya?

Ranar salla a Maraɗi, yara suna yin ado, manya suna ɗaukar su hoto da salula. Da yawa suna matsawa kusa ƙwarai, har fuska ta cika hoton. Sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Wannan ya dace da hoton katin lakwal, don a gane mai shi. Amma hoton ajiya daban ne. In salula ta yi kusa da fuska ainun, hanci yana ƙara girma, kunnuwa su ƙanƙance. Kuma an yanke duk abin da ke kewaye da yaron.

Gara mai ɗauka ya ja da baya taki uku, ya durƙusa daidai tsawon yaro. Ɗan Tsibiri, a gan shi da rigarsa, ƙofar fadar Sarkin Gobir tana bayansa. Ɗiyar Jiratawa, a gan ta bakin lambu da ƙwaryar zogala a ka. Amma kada a yi nisa har idanu su ɓace.

Dalili shi ne, gari yana sakewa. A 1945 ruwan gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, mutane suka koma bisa tudu. Yaron yau zai tsufa, jikokinsa su tambayi inda ya girma. Fuska kaɗai ba ta ba su amsa. Hoton da ya nuna gida da unguwa shi zai gaya musu.