Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A shekarar 1931 aka buɗe gidan namun daji na Chessington a gefen birnin Landan. Da 'yan kallo suka ja baya, sai masu shi suka cika filin da injinan shillo da jiragen wasa, a 1987 suka raɗa masa sabon suna, Chessington World of Adventures. Dabbobin suna nan har yau, amma sun koma 'yan rakiya a gidansu.

Wannan hanyar ce nake jiye wa Gidan Zoo na Kano. Gwamna Audu Bako ya kafa shi a farkon shekarun 1970 domin ɗan birni ya ga zaki da giwa da jimina ido da ido, gani ya kori ji. Yau kuwa an fi tuna shi ranar Sallah, lokacin da kiɗa da lilo da 'yan talla ke danne kukan kowace dabba.

Shekarar 2019 ta ishe mu aya. Kusan naira miliyan 7 na kuɗin shiga suka yi ɓatan dabo, aka baza cewa goggon biri ne ya haɗiye su, har Gwamna Ganduje ya fito ya ce babu goggon biri a gidan. Watanni kaɗan bayan haka zaki ya kuɓuce daga kejinsa. A 2020 kuma gwamnati ta bayyana niyyar kwashe dabbobin zuwa Tiga.

Masu goyon bayan shagali za su ce nama da magani ba kyauta ake samunsu ba, kuma lilo ne ke kawo kuɗi. Gaskiya ne. To, a buga lissafin kowa ya gani: nawa aka tara a ƙofa, nawa ya isa cikin zaki, nawa aka biya likitan dabbobi. Idan kuɗin lilo ba ya komawa keji, sunan dabbobin kawai ake ci.

Yaron da ke tasowa a Horo Birni, a tatsuniya ya san kura, alhali kakansa da kunnensa ya ji kukanta. Dajin ya zama gona. Lilo ana iya kafa shi a kowane fegi cikin mako guda, kura kuwa in ta ƙare ba a odarta daga masana'anta. A bar Gidan Zoo ya zama makaranta tukuna, wasa ya biyo baya.