A Daina Zuba wa Tana Gishiri

'Yan uwa ɗalibai, damina ta kankama, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan ruwan dare a makarantar nan. Da safe sai a tarar da tana ta fito a hanyar aji da bakin famfo. Kafin a kaɗa ƙararrawa, wani ya taka ta, wani ya datsa ta da tsinke, wani kuma ya ruga kicin ya ɗebo gishiri don a taru a ga yadda za ta yi ta murɗe-murɗe. Mu 'yan kulob ɗin jarida ba mu wanke kanmu ba, da yawa cikinmu mun yi wannan wasa a firamare. Amma muna ganin ya isa haka.

Tana ba ta da huhu. Tana tana numfashi ne da fatarta (malamin Hausa, ga misali kyauta: rubutu ɗaya, furuci biyu). Sai fatar na da laima iska ke ratsa ta. Gishiri kuwa tsotse ruwan jikinta yake yi, don haka abin da muke tsayawa muna wa dariya, halitta ce take bushewa numfashinta na ɗaukewa. Batun cewa in an datsa ta biyu kowane ɓari zai zama sabuwar tana, shi ma ba haka yake ba. In an yi sa'a ɓarin kai ya warke ya sake jela, ɗayan kuma ya mutu.

Wani zai ce, to sai me, tsutsa ce fa. Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, bai raina ta haka ba. Wajen shekara 40 yana bibiyar tana, kuma littafin da ya fitar a 1881, shekara ɗaya kafin rasuwarsa, a kanta ya rubuta shi. A 1842 ya sa an watsa ɓarɓashin alli a wani fili kusa da gidansa, aka bar shi ba noma. A 1871 ya sa aka haƙa, sai ga allin ya nutse kusan inci 7. Ba wanda ya binne shi. Tana ce take haɗiye ƙasa da ruɓaɓɓen ganye a can ƙasa, ta hau sama ta kasayar, a hankali har ta lulluɓe filin da sabuwar ƙasa. Ya ƙiyasta cewa a wurare da dama a Ingila fiye da tan 10 na ƙasa ke bi ta cikin tana a kowace eka duk shekara. Har kiɗa ya gwada mata. An yi mata ihu, an busa mata usur, ko gezau. Da aka ɗora tukunyarta a kan fiyano aka danna, nan take ta shige rami. Ashe ba ta da kunne, girgizar ƙasa take ji.

'Yan ƙananan tulin ƙasa masu kama da taliya da muke gani a gindin mangwaro, kashinta ne, kuma taki ne mai kyau. Ramukanta su ne hanyar da ruwa da iska ke bi su kai ga saiwa. Akwai ma wani jinsi ɗan asalin Afirka ta Yamma, Eudrilus eugeniae, wanda manoma a Indiya da Filifin suke kiwo musamman don ya mayar musu da shara taki. Su suna kiwon tamu, mu muna zuba mata gishiri.

Laifin da ya fi na gishiri girma shi ne wanda muke yi da izini. Kullum muna share ganye, mu tara, mu cinna wuta. Ganyen nan shi ne abincin tana, shi ne kuma inuwar da ke riƙe mata laima. Ƙasa ta zauna tsirara a rana, ta yi tauri kamar siminti, sannan mu dawo lokacin aikin gona muna kukan fartanya ba ta shiga.

A darasin zane ma an bar ta a baya. Zaki muke zanawa da dawisu, alhali yawancinmu a hoto kawai muka san su. Wanda ya taɓa ɗora tana a kan jiƙaƙƙen ganye ya dube ta da kyau ya san akwai abin zanawa: zobe bayan zobe, ga wata 'yar ɗamara mai kauri kusa da kai inda kwanson ƙwanta ke fitowa, ga sheƙin fatar in haske ya buge ta. Danginta na teku sun fi ta ado. Akwai wata mai kama da 'yar bishiya, ja ko rawaya ko shuɗiya, wadda ke zuƙewa cikin raminta da zarar inuwa ta gifta. Wanda ya kalli fim ɗin Avatar na 2009 zai tuna tsirran da ke yin haka in an taɓa su. Ko matsattsaku, da ba mai son haɗuwa da shi a kududdufi, ɗan uwanta ne, kuma tun 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince likitoci su riƙa amfani da shi wajen janye jinin da ya taru bayan tiyata.

Kada a haɗa tana da tsutsar ciki, ba danginsu ɗaya ba. Duk da haka, wanda ya taɓa ƙasa ya wanke hannu da sabulu.

Roƙonmu ga hukumar makaranta shi ne a ba mu wuri mai inuwa a bayan lambu mu haƙa rami, sharar ganye ta riƙa zuwa can maimakon wuta, ban da leda. Da rani, lokacin da tana ke nutsewa can ƙasa ta dunƙule tana jiran ruwa, bokiti ɗaya a mako ya isa a riƙa yayyafawa. Malamin zane kuma muna roƙon darasi ɗaya tak a lambu kafin ruwa ya ɗauke. Zanen da ya fi kyau za mu liƙa shi a nan, a gefen wannan shafi.