Wa Ya Ce Na'ura Ba Ta Son Kai?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manya da ƙanana, wai na'ura ba ta ƙarya, ba ta cin hanci, ba ta da ɗan lele. Da zarar an ce kwamfuta ce ta gane fuskar mutum, sai kowa ya ja bakinsa ya yi gum, sai ka ce alƙali ya yanke hukunci. Mu kam ba mu yarda ba, kuma ga hujjarmu.

Na'ura ba ta da ido. Abin da take karɓa jadawalin lambobi ne kurum, watau abin da malaman lissafi ke kira matiriks. Hoton baƙi da fari mai ɗigo 100 a tsaye da 100 a kwance lambobi 10,000 ne, kowace tsakanin 0, baƙi ƙirin, da 255, fari fat. A shekarar 1991 Matthew Turk da Alex Pentland na jami'ar MIT a Amurka suka nuna yadda za a tara hotuna da yawa, a fitar da matsakaiciyar fuska, a ɗebe ta daga kowane hoto, sannan a taƙaita bambancin da ya rage cikin 'yan lambobi kaɗan. In lambobin fuskoki biyu sun yi kusa, sai a ce mutum ɗaya ne. Dabarun yau sun fi wannan zurfi nesa ba kusa ba, amma gindinsu bai wuce ninka jadawali da jadawali ba. To, wa ya zaɓi hotunan da aka koya wa na'urar? Wa ya yanke iyakar kusancin da za a kira kama? Ɗan Adam ne, kuma abin da ya shuka shi na'urarsa za ta girba.

Wannan ba shaci-faɗi ba ne. A 2018 Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Ghana ne, da Timnit Gebru suka jarraba manhajojin IBM da Microsoft da Face++ a kan hotunan 'yan majalisar ƙasashen Afirka uku da na Turai uku. Aikin kuwa bai wuce a bambanta mace da namiji ba. Kuskure a kan fararen maza bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, amma a kan baƙaƙen mata ya kai kashi 34.7! A 2019 hukumar ma'auni ta gwamnatin Amurka, NIST, ta samu cewa manhajoji da dama sun fi ruɗa fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas. A 2020 kuwa 'yan sandan Detroit suka kama wani baƙar fata a gaban iyalinsa, ya kwana a tsare, don kawai na'ura ta ce ya yi kama da ɓarawon agogo.

Kada wani ya ce wannan gobarar gemun wasu ce. An ɗauki hotonmu wajen rajistar katin ɗan ƙasa, kuma a zaɓen 2023 na'urar BVAS ce ta tantance masu jefa ƙuri'a da yatsa ko da fuska. Muna da haƙƙin tambaya: a kan fuskokin su wa aka gwada irin waɗannan kayayyaki kafin a sayo su? Nawa ne kuskurensu a kan tsohuwa mai lulluɓi, ko dattijo mai rawani da zane a kumatu, cikin rana tsaka?

Abin takaici, mu da ya kamata mu yi wannan tambaya da harshen da masu sayarwa za su ji tsoro, mu ne muke gudun darasin aljabra, muna haddace ninkin jadawali daren jarrabawa, mu watsar da safe. Wasunmu har alfahari suke yi da ƙin lissafi, sai ka ce wata bajinta.

Saboda haka muna kira ga sassan lissafi da na kimiyyar kwamfuta su riƙa koyar da jadawali da hoto a gaban ɗalibi, ba da alli kaɗai ba. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta nemi izinin masu so, a tara hotunanmu bisa sharuɗɗan dokar kare bayanai ta 2023, mu auna manhajojin nan da kanmu, mu buga sakamakon a wannan mujalla.