Sharhi: Jarred Kelenic da saurin yanke wa ɗan wasa hukunci

A ƙarshen watan Afrilun 2025 ƙungiyar Atlanta Braves da ke gasar besbol ta MLB a Amurka ta sauke Jarred Kelenic daga babbar tawagarta zuwa ƙaramar ƙungiyarta ta Gwinnett. Yana da shekara 25 a lokacin. Nan take tsohuwar muhawara ta sake tashi tsakanin magoya baya. Wasu na cewa tasa ta ƙare. Wasu na cewa tun farko ba a ba shi lokaci ba. Wasu kuma na komawa kan ranar da ya karya ƙafarsa da kansa a 2023, suna cewa daga nan komai ya lalace.

Muhawarar ta wuce batun mutum ɗaya. Duk kakar wasa akwai matasa da dama da ke shiga irin wannan hali, kuma abin da ake faɗa a kansu yana shafar albashinsu, da sunansu, da ko wata ƙungiya za ta sake kallonsu. Matsalar ita ce magoya baya kan cakuɗa abubuwa uku da suka bambanta: raunin jiki, da saukarwa zuwa ƙaramar gasa, da ƙarewar ɗan wasa gaba ɗaya. Duk wanda zai yi adalci sai ya raba su tukuna.

Yadda tsarin yake

A ƙwallon ƙafa ƙungiya ce ke faɗawa rukuni na ƙasa idan ta gaza. A besbol ƙungiyoyi 30 na MLB ba sa faɗuwa, ɗan wasa ne ke faɗuwa. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 26 a babbar tawaga, tana kuma da ƙananan ƙungiyoyi hawa-hawa a wasu garuruwa, inda take renon matasa. Wanda ya kasa taɓuka abin kirki a sama, sai a tura shi ƙasa a ɗauko wani.

Ma'aunin mai bugu kuwa sananne ne. Mai jifa zai wurgo ƙwallo, shi kuma ya doke ta da gora ya ruga zuwa tashar farko. Wanda ke yin nasara sau 30 cikin yunƙuri 100 gwani ne. Matsakaicin ɗan wasa yana samun 24 ko 25. Wato ko gwani ma faɗuwarsa ta fi nasararsa yawa, kuma ana buga wasa 162 a kaka ɗaya, kusan kullum. Wanda ya shiga kwanakin rashin sa'a ba ya samun mako guda ya huta ya tattara hankalinsa.

Yabon da ya riga aiki

An haifi Kelenic a 1999 a jihar Wisconsin. New York Mets ta zaɓe shi a matsayi na shida a zaɓen matasa na 2018, sannan a watan Disambar shekarar ta miƙa shi ga Seattle Mariners cikin musayar da ta kai Robinson Canó da Edwin Díaz birnin New York. A lokacin Seattle ba ta kai zagayen fitar da gwani ba tun 2001, saboda haka magoya bayanta suka ɗora burinsu kan yaron da bai buga ko wasa ɗaya a babbar gasa ba. Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, amma a Seattle an gama yabon tun kafin a ga hannun.

Ya fara wasa ranar 13 ga Mayun 2021. Washegari ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga, bugun da ya fi kowane daraja a wasan. Daga nan abubuwa suka juya. Ya yi yunƙuri 39 a jere ba tare da nasara ko ɗaya ba, kuma a farkon Yuni aka sauke shi zuwa Tacoma bayan wasa 23, da nasara 8 kacal cikin yunƙuri 83. Ya dawo a Yuli, ya kammala kakar da kashi 18 cikin 100. A 2022 ya sauka zuwa kashi 14, aka sake tura shi ƙasa, a shekarar da abokin tasowarsa Julio Rodríguez ya lashe kyautar sabon ɗan wasa mafi ƙwazo.

A 2023 ya fara da ƙarfi. A watan Afrilu ya yi wani bugu a filin Wrigley na Chicago da ya kai nisan kusan mita 147. Masu cewa a yi haƙuri da shi suka samu bakin magana. Daga baya hannunsa ya sake yin sanyi. Ranar 19 ga Yuli, bayan mai jifan Minnesota Twins, Jhoan Duran, ya fitar da shi a zagaye na tara, ya koma wurin zaman 'yan wasa ya shuri randar ruwan sha saboda haushi, ƙashin ƙafarsa ta hagu ya karye. Washegari ya tsaya gaban 'yan jarida yana hawaye, ya ɗauki laifin.

Kowane ɓangare ya samu hujja a abin da ya biyo baya. Masu suka sun nuna cewa Seattle ta ci wasa 21 a watan Agusta ba tare da shi ba. Masu kare shi sun nuna cewa da wasa ɗaya tak ƙungiyar ta rasa gurbin zagayen fitar da gwani. A watan Disamba aka miƙa shi ga Atlanta, inda a 2024 ya samu kashi 23 cikin 100 da bugun tsallake katanga 15.

Laifin da ke wuyan ƙungiya

Babu mai cewa Kelenic ba shi da laifi. Shurin randa aikinsa ne. Haka ma abin da ya faru kwanaki kafin a sauke shi a 2025, lokacin da ya tsaya kallon ƙwallon da ya zaci ta tsallake katanga maimakon ya ruga, har aka fitar da shi a tasha ta biyu. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A watan Fabrairun 2021 aka saki bidiyon shugaban Mariners na lokacin, Kevin Mather, yana bayyana wa wani taro cewa Kelenic ya ƙi sa hannu kan dogon kwantiragi, kuma ƙungiyar ba za ta fara kakar da shi a sama ba. Mather ya yi murabus cikin kwanaki. Dalilin hayaniyar yana cikin dokar gasar: ɗan wasa sai ya cika shekara shida a babbar tawaga kafin ya samu 'yancin zaɓar inda zai tafi, kuma kwana 172 ne ake lissafawa shekara ɗaya. Idan ƙungiya ta riƙe matashi a ƙasa na 'yan makonni, ta samu ƙarin shekara guda a kansa. Haka Chicago Cubs ta yi wa Kris Bryant a 2015, ya kammala kakar da kwana 171.

Ke nan tun kafin Kelenic ya fara, ya ji daga bakin shugaban ƙungiyarsa cewa hawa da sauka ba ƙwazo kaɗai ke kawo su ba. Ga kuma shekarar 2020 da annobar korona ta sa aka soke wasannin ƙananan gasanni gaba ɗaya, ya rasa kaka sukutum ta koyo. Mai goyon bayan da ya ce yaron ya gaza, ba tare da ya sa waɗannan a lissafi ba, rabin labarin ya karanta.

Rauni da ba a gani

Raunin Kelenic kowa ya gan shi. Mafi haɗari shi ne wanda ɗan wasa ke bugawa da shi a jiki, jama'a na zaginsa ba su sani ba.

Cody Bellinger na Los Angeles Dodgers ya zama gwarzon ɗan wasa na rukuninsa a 2019, da bugun tsallake katanga 47. A watan Oktoban 2020 kafaɗarsa ta goce yayin murnar wani bugu da abokin wasansa, aka yi masa tiyata. A farkon kakar 2021 ya samu tsagewar ƙashi a ƙafa. A shekarar ya samu kashi 16 da rabi cikin 100, a 2022 kuma 21. Da yawa suka ce an gama da shi, Dodgers ta sallame shi. Cubs ta ɗauke shi na shekara ɗaya kan dala miliyan 17.5, sai ga shi a 2023 ya haura kashi 30 da bugun tsallake katanga 26.

Dokar gasar tana ba ɗan wasan da ya ji rauni kariya. Ana sa shi a jerin masu jinya na aƙalla kwana 10, ko 15 idan mai jifa ne, kuma albashinsa da lissafin kwanakinsa na ci gaba da tafiya. Wanda aka sauke kuwa lissafinsa na tsayawa, kuma idan matashi ne albashinsa na raguwa sosai daga mafi ƙarancin albashin babbar gasa, wanda ya kai dala 760,000 a 2025. Duk da haka matasa kan yi shiru da ciwo, saboda tsoron kada wanda ya maye gurbinsu ya zauna daram. Ƙungiyoyi ma ba kullum suke faɗin gaskiyar lafiyar ɗan wasa ba. A irin wannan duhu ne magoya baya ke yanke hukunci, da alƙaluman da ba su nuna kafaɗa ko gwiwa.

Saukarwa iri biyu ce

Tarihin Toronto Blue Jays ya nuna bambancin. A 2000 mai jifanta Roy Halladay ya yi ɗaya daga cikin kakanni mafi muni a tarihin gasar, ana cin sa fiye da maki 10 a kowane zagaye tara. A 2001 ƙungiyar ta tura shi can ƙasa, garin Dunedin na jihar Florida. Ya shafe watanni, koci Mel Queen ya sauya masa yadda yake ɗaga hannu wajen jifa, ya kuma nemi taimako kan natsuwar zuciya. A 2003 ya ci wasa 22 ya lashe kyautar Cy Young ta mai jifa mafi ƙwarewa, ya sake lashe ta a 2010.

A watan Yunin 2023 ƙungiyar ta tura Alek Manoah wannan gari, shekara ɗaya bayan ya zo na uku a takarar wannan kyauta. Bayan wata ɗaya aka dawo da shi, a Agusta aka sake sauke shi, a 2024 kuma aka yi masa tiyata a gwiwar hannu.

Ƙungiya ɗaya, gari ɗaya, sakamako daban. Ɗaya an gano abin da ya lalace an ba shi lokacin gyara. Ɗayan an dawo da shi kafin a ga alamar gyaran ya zauna. Saboda haka jin cewa an sauke ɗan wasa bai isa a ce komai ba. Abin tambaya shi ne me aka tura shi ya gyara, wa zai koya masa, kuma wane lokaci aka ware.

Inda masu suka ke da gaskiya

Ba a ce magoya baya su rufe baki ba. Su ke sayen tikiti, kuma ƙungiya ba makaranta ba ce. Gurbi 26 ne kawai, duk ranar da aka ba wanda ke fama, an hana wani matashi da ke jira a ƙasa. Gaskiya ne kuma cewa irin su Halladay da Bellinger ake tunawa saboda sun dawo. Waɗanda aka sauke ba su sake hawa ba sun fi su yawa, sunayensu ne ba a ambata. Kelenic ya samu kakanni huɗu da ƙungiyoyi biyu kafin saukarwar 2025, kuma matsalarsa ta yawan kuskuren ƙwallo ba ta gushe ba. Wanda ya ce ba zai zama tauraron da aka yi alkawari ba yana da hujja.

Sai dai akwai tazara mai nisa tsakanin rashin zama tauraro da zama marar amfani. Gasar cike take da 'yan wasan da suka shafe shekara goma suna taimaka wa ƙungiyoyi ba tare da sun zama gwaraza ba. Da Kelenic ba shi ne na shida a zaɓen 2018 ba, da ba a yi musayarsa da manyan sunaye ba, da kakarsa ta 2023 an kira ta ci gaban matashi mai shekara 23. Ana auna shi ne da hoton da wasu suka zana masa.

Abin da ya kamata

Nauyi mafi girma yana kan ƙungiyoyi. Idan za su sauke ɗan wasa, su faɗi dalili a fili. Idan rauni ne, su kira shi rauni, su sa shi a jerin masu jinya kamar yadda doka ta tanada. Su daina wasa da kwanakin matasa don rage kuɗi, domin wannan ne ke sa ba a yarda da su ko da sun yi gaskiya. Yarjejeniyar 2022 tsakanin ƙungiyoyi da 'yan wasa ta taƙaita saukar da mutum ɗaya zuwa sau biyar a kaka, ta kuma tanadi lada ga ƙungiyar da ta fara kaka da matashinta idan ya yi fice. Mataki ne mai kyau, amma bai tilasta wa kowa faɗin gaskiya ba.

'Yan wasa ma su sani cewa ɓoye ciwo na mako biyu kan jawo jinyar shekara guda.

Su kuwa magoya baya da masu sharhi, kafin su ce an gama da wani, su tambaya: jikinsa lafiya yake, wane gyara aka sa shi, kuma yunƙuri nawa aka gani? Yunƙuri 83 na yaro ɗan shekara 21 bai isa hukunci ba a 2021, kamar yadda wata ɗaya mai kyau bai isa naɗa shi sarki ba a 2023. Wanda bai da amsar waɗannan tambayoyi yana iya nuna ɓacin ransa kan wasan jiya, amma makomar mutum ta fi ƙarfin abin da ya sani.