Rabon Kuɗin Karatu Tsakanin Masu Turanci da Masu Larabci

Malamanmu da 'yan'uwa, muna da magana game da yadda ake rabon kuɗin taimakon karatu bayan jarrabawa.

Ku dubi ƙasar Dambatta da Bichi da Minjibir, inda gona ke manne da gona, ba saura ba fako. Manomi a can ba shi da abin da zai kai ɗansa gaba da shi, sai fa ya jinginar da gonar gado. To, a ce yana da 'ya'ya biyu masu hazaƙa, ɗaya ya bi Turanci, ɗaya ya bi Larabci. Wanne za a ɗauka? Kowa ya sani.

Abin ba yau ya fara ba. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922, da Turanci ake koyarwa. Makarantar Shari'a ta Kano kuwa sai 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan. A 1945 aka aika da su Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa Landan karatu. Su Malam Abubakar Gumi fa? Sai 1954 aka tura su Sudan. Amma shi ne ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, daga baya kuma ya fassara Alƙur'ani da Hausa. Ashe kuɗin nan ba su faɗi banza ba.

Ba raina Turanci muke yi ba, gama likita da injiniya ba su samuwa a nan sai da shi. Abin da muka ƙi shi ne a gwada yaran biyu da abin da ɗaya kaɗai ya ƙware a kai. Jarrabawar shiga jami'a ta wajabta takardar Turanci a kan kowa, ko da Larabci zai karanta. Yaro ya ƙoshi da nahawu da fiƙihu, maki kaɗan na Turanci su mai da shi gona.

A ganinmu a ware wa masu Larabci kaso sananne, a gwada su da junansu, wanda ya ci a ba shi shekara guda ta koyon Turanci. Wani zai ce wannan zai rage rabon masu Turanci. I, zai rage. Amma kuɗin daga baitulmali suke fitowa, kuma ba a taɓa rangwanta wa uban mai Larabci haraji ba.