Mu Dubi Halittar Allah: Ƙwaron da Yaro Ya Kamo a Gwangwani

 Wannan wata mun sami wasiƙa daga wata uwa 'yar zumuntar mata a Gummi. Ta ce ɗanta ya komo daga kududdufin bayan gari da wani mummunan ƙwaro cikin gwangwanin madara, launinsa kamar laka, ƙafa shida, idanu ƙwala-ƙwala, ba fiffike. Da maigida ya gani, sai ya ce wannan ruwa ya lalace, gobe zai sayo maganin feshi ya zuba a ciki, ƙwari su mutu, sauro ma ya mutu, kowa ya huta. Tana tambaya, ko shawarar maigida daidai ce?

Uwargida, ki gaishe da maigida da kyau, ki roƙe shi ya dakata tukuna. Bisa ga yadda kika kwatanta, abin da yaronki ya kamo ɗan mazari ne, watau ƙwaron nan mai dogon jiki da fiffike huɗu masu sheƙi wanda yakan yi ta shawagi bisa ruwa da damina. Uwar takan saka ƙwai a ruwa. Abin da ya fito daga ƙwan yakan zauna a ƙarƙashin ruwa watanni da yawa, waɗansu iri ma fiye da shekara, kafin wata rana ya hau karan ciyawa, bayansa ya tsage, mazari ya fito ya shanya fiffike ya tashi. Duk kwanakin da ya yi a ruwa farauta yake yi. Leɓensa na ƙasa dogo ne, a naɗe ƙarƙashin kai, da ƙugiya a bakinsa. In tsutsar sauro ta gitta, sai ya cilla leɓen nan ya cafke ta, kafin ƙiftawar ido. Bayan ya yi fiffike kuma sai ya bi sauron da ke tashi a sama. Ashe ma'aikaci ne yaron ya kamo, wanda ba ya karɓar lada.

Ga abin da zai faru in an zuba maganin. Sauro yakan tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin mako guda ko kwana goma in ana zafi. Mazari kuwa yana bukatar watanni. To, in guba ta share su duka yau, wa zai riga komowa? Sauro ne, ya kuwa tarar da ruwa ba mai tsaro. Banda haka, sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ƙananan ruwaye masu shan rana: sawun kofaton shanu, ramin da aka haƙa aka yi tubali, ruwan da ya kwanta a bayan ɗaki. A irin wuraren nan ba kifi, ba mazari. In maigida yana da ƙarfin yaƙi da sauro, ya ɗauki shebur ya cike ramukan da ke kewaye da gida, ya kuma tabbata kowane yaro yana kwana cikin gidan sauro.

Tun da magana ta kawo mu nan, bari in faɗi abin da ya daɗe yana damuna. Akwai masu kama kifi da guba. Dā magimfa ake dakawa a zuba, daga baya aka koma Gamalin, maganin da aka yi domin feshin koko, wanda tun 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikinsa a jerin abubuwan da za a daina. Wanda ya yi haka ya sami kwando ɗaya na kifi yau, amma ya kashe abincin kifin baɗi, gama tarwaɗa da karfasa, tun suna ƙanana, da waɗannan ƙwari da tsutsotsi suke girma. Sarkawan asali taru da gora suka gada. Mai bi kuwa da ya sayar wa maƙwabcinsa kifin da guba ta kashe, ban san yadda zai zauna da shi a benci ɗaya ran Lahadi ba.

Masanan ruwa suna da wata dabara wadda ba ta bukatar kuɗi. Tun wajen 1908 waɗansu Jamusawa biyu, Kolkwitz da Marsson, suka lura cewa kowane irin ruwa da irin halittun da ke zama cikinsa, har mutum yana iya duban mazauna ya gane lafiyar ruwan. A Afirka ta Kudu yau har 'yan makaranta ake koya wa wannan. Ku je inda ruwa ke gudu bisa duwatsu, ku ɗaga dutse guda, ku juya shi. In kun ga waɗansu ƙananan ƙwari masu faɗin jiki suna gudu su ɓuya, da wutsiya uku sirara kamar gashi, da abin shaƙa jere a haƙarƙarinsu yana kaɗawa, wannan alama ce mai kyau, domin irinsu ba su jure ƙazanta. Su ne waɗanda in sun yi fiffike sukan taru a fitila kusa da gulbi, su mutu cikin yini ɗaya ko biyu, ba su ma da bakin cin abinci. Akwai kuma wata tsutsa mai gina wa kanta ɗaki da tsakuwa da yashi, tana liƙa su da zaren da ke fita daga bakinta, ta ja ɗakin duk inda za ta. Ita ma mai son ruwa mai tsabta ce. Amma in kun tona laka baƙa mai wari, ba ku tarar da kome ba sai jajayen tsutsotsi sirara birjik, to, ruwan nan ya sha kashin dabbobi da dattin gari har iskar da ke cikinsa ta kusa ƙarewa. Jan nan da kuke gani irin abin da ke sa jininmu ja ne, shi ke taimakonsu su riƙe 'yar iskar da ta rage. Abin dubawa shi ne yawan iri. Rafin da ke da iri goma ya fi wanda ke da iri ɗaya lafiya, ko da iri ɗayan nan ya kai dubu.

Kada fa wani ya ce mai wannan fili ya ce duk abin da ke ruwa aboki ne. A'a. Manyanmu ba su manta da kurkunu ba. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne a ruwan tafki, da ƙyar ido ke ganinsa, shi ke haɗiye 'ya'yan kurkunu, mutum ya sha shi cikin ruwa, bayan kamar shekara guda tsutsa ta ɓullo a ƙafa, daidai lokacin noma. Da aka yi ƙidaya a 1988 an sami mutum fiye da 650,000 masu ciwon a Nijeriya. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da yawon da Janar Yakubu Gowon ya yi ƙauye ƙauye yana faɗakarwa, aka ga na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da shi. Sai baƙin ƙudan nan mai sa ƙaiƙayi da makanta. Tsutsarsa takan manne wa duwatsu inda ruwa ke gudu da ƙarfi, ruwa garau mai kyan gani. Saboda shi ne aka yi shekaru ana rabon ƙwayar Mectizan a ƙasar Bukkuyum da Anka.

Wanda ya fi shafar yaronki, Uwargida, shi ne tsargiya. Ƙaramar katantanwa ce ta ruwa, ba ta kai kan ɗan yatsa ba, tana manne a ganyen bado da ciyawar bakin tafki. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan cutar su ƙyanƙyashe su shiga katantanwa, bayan 'yan makonni su fito dubbai suna iyo, su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki. Ba sai an sha ruwan ba. Har yanzu akwai masu cewa jini a fitsarin yaro alamar balaga ce. Ba haka ba ne, ciwo ne, yana cin mafitsara a hankali, yana rage wa yaro jini da ƙwazon karatu. Maganinsa, praziquantel, yana nan, akan ma raba shi a makarantu. Ki tambayi yaronki a asirce yadda fitsarinsa yake, gama da wuya ya faɗa da kansa.

Yanzu ga magana mai nauyi, wadda mutanen Anka da Bukkuyum suka sani fiye da ni. A farkon 2010 agwagi suka fara ɓacewa a waɗansu ƙauyuka. Ba wanda ya kula sosai, agwagwa ce kawai. Ba a daɗe ba yara ƙanana suka shiga amai da jijjiga suna mutuwa. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara, bincike kuma ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa. 'Yargalma, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Bagega: yara fiye da 400 suka rasu. Aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma sai a 2013 aka kai gare ta. Masu awo na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo a ƙarshen 2010 sun tarar da dalma mai yawa a kududdufan ƙauyukan, inda ake wanke garin dutse. Dalma nauyi gare ta, takan kwanta a laka. Agwagwa kuwa yini take tana cusa baki cikin lakar nan tana neman tsutsa da tsakuwa. Ita ta fara sha, ita ta fara faɗa mana, ba mu ji ba.

Saboda haka dabarar ɗaga dutse tana da iyaka, tilas in faɗa muku. Ƙwari suna iya nuna muku ruwan da ya lalace, amma zamansu a ruwa bai zama izinin sha ba. Dalma ba ta da wari, ba ta canza launin ruwa, tafasawa kuma ba ta fitar da ita, haka nan zaibar da ake kama zinariya da ita. Duk kududdufin da aka taɓa wanke dutsen zinariya a ciki, kada yara su yi wasa a bakinsa, kada a ɗebi lakarsa a yi yaɓe, kada a shayar da dabba. In kuka ga kwaɗi sun yi shiru a inda suka saba kuka, ko talibambam sun ɓace, ko agwagi da kaji suna mutuwa ba dalili, ku gaya wa mai unguwa da ma'aikacin lafiya a ranar, kada ku jira.

Bari in ba yara wani labari mai daɗi kafin takarda ta ƙare. Kun san yadda gulbin Zamfara yake: da damina ya cika ya tumbatsa, har a 2024 ya shiga gidajen mutanen Gummi, da rani kuwa sai yashi da 'yan gurabun ruwa. Ina mazauna ruwa suke zuwa? Gaiwa takan shige laka ta lulluɓe kanta da majina ta yi barci. Katantanwar tsargiya ma takan nutse a laka ta jira, shi ya sa bushewar tafki ba ta raba mu da ciwon. Amma gwanin duka wata 'yar tsutsa ce da ke zaune a ramukan da ruwan sama ke taruwa bisa manyan duwatsun Arewacin Nijeriya. Wani Bature mai suna Hinton ya bayyana ta ga masana a 1951. In ramin ya ƙafe, sai ta bushe ƙayau kamar ɓawon gero, ba numfashi, ba motsi. Jikinta yakan cika da wani irin sukari wanda ke daskarewa kamar gilashi ya tsare kayan cikinta. Ruwan fari na sauka, cikin kamar awa guda ta miƙe ta ci gaba da kiwo. An ajiye waɗansu shekara 17 a bushe, aka jiƙa su suka motsa. Masanan Japan sun zo har ƙasarmu sun ɗebe ta, an ma kai ta sararin sama an komo da ita da rai. Na san akwai wa'azi a cikin wannan, amma na bar wa fasto. Littafin Farawa ya nuna mana halittun ruwa a rana ta biyar aka yi su, watau sun girme mu da kwana ɗaya.

Malaman makarantar Lahadi da ke so su gwada, ga abin da ake bukata: farin kwano ko farar roba, da tsohon rariya. A zuba ruwa kaɗan, a wanke dutse ko saiwar ciyawa a ciki, a bari ya kwanta, yara su ƙirga iri nawa ke motsi. A zaɓi ruwa mai gudu, babba ne zai ɗauko dutsen, yara su tsaya a tudu saboda tsargiya. Akwai wani babban ƙwaro mai faɗi, ruwan ƙasa, da hannuwa kamar na kunama, kada a taɓa shi da hannu, cizonsa da zafi. A halin da ake ciki na rashin tsaro a yankinmu, kada a yi nisa da gari, kada kuma yara su tafi su kaɗai. In an gama a mayar da kome cikin ruwa.

Uwargida, ɗan mazarin nan ma a mayar da shi inda aka ɗauko shi, in yana da sauran rai. Ki ce wa yaron ya riƙa duban karan ciyawar bakin ruwa da sassafe, zai ga busasshiyar rigar da waninsa ya tuɓe ya bari, da tsaga a bayanta. Wanda ya ƙirga ƙwarin rafinsu, ya rubuto mana sunan garin da iri nawa ya samu, da sunan da ake kiransu a wurinku, domin da yawa cikinsu ina so in ji yadda Zamfarawa ke ce musu. Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu dubi jemage.